Sanduna Biyu, Amsa Biyu: Lissafin Tazara Daga Kasuwar Race Course Zuwa Zauren Jarrabawa

Baƙon da ya shiga kasuwar Race Course ta Kumasi yana neman rumfar wata mai shinkafa, ya tari 'yar kayaye ya tambaye ta, ta ce masa, "Baba, tazarar rumfa biyar ce tsakaninta da mai albasar can," bai gama samun amsa ba tukuna. Dole ya ƙara tambaya: biyar ta gaba ko biyar ta baya? In mai albasa ce ta 12 a layin, to mai shinkafa ko dai tana ta 17 ko tana ta 7, kuma kowacce daga ciki ta dace da kwatancen da aka yi masa. Babu yaron Zango da zai rikice a kan wannan. Amma a ɗauki maganar nan a rubuta ta da alamomi, |x − 12| = 5, a ajiye masa a zauren jarrabawa, agogo na gudu, mai sa ido na kai da kawowa, sai ka ga ya rubuta 17 ya yi gaba abinsa. Ya bar 7 a baya, ya bar maki tare da ita.

Race Course ta gaji sunanta ne daga filin tseren dawakai na zamanin Turawa, ta kuma ƙara cika ta batse tun 2015, lokacin da hukumar birnin Kumasi ta kwaso 'yan kasuwa da motocin haya daga Kejetia ta kawo su nan domin a sake gina tsohuwar tashar. Yaran Aboabo da Asawase da Sabon Zango da Akwatia Line da ke tashi daga makaranta su wuce taya iyayensu tsaron rumfa suna ba da canji da ka, suna riƙe lissafin wanda ya ci bashi da wanda ya biya. Su ne dai gobe za su zauna jarrabawar WASSCE ta hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, hedikwatarta kuma tana Accra. A wannan jarrabawa lissafi tilas ne, kuma jami'o'i irin KNUST da ke nan cikin gari suna neman sakamakon C6 ko abin da ya fi shi. Wanda ya gaza sai ya koma ajin share fage ya jira zagayen Nuwamba da Disamba, iyaye su sake biyan kuɗi. Masu hangen karatu a Amurka kuma ga jarrabawar SAT tana jiransu, wadda ita kam tana fito da tambayar sandunan nan biyu ƙarara. Abin da nake so in kafa hujja a kansa shi ne, yaran da ke faɗuwa a irin wannan tambaya galibi ba kwanyar lissafi suka rasa ba. An ba su doka ne su haddace a wurin da ya kamata a nuna musu tazara, abin da ƙafarsu ta riga ta sani tun kafin su riƙe alƙalami.

Sandunan biyu da ke rungume da lamba, waɗanda malaman lissafi ke kira modulus, tambaya ɗaya suke yi: taku nawa ne daga wannan lamba zuwa sifili? A shimfiɗa layi, a sa sifili a tsakiya, lambobin riba a dama, na bashi a hagu. Daga 7 zuwa sifili taku bakwai ne, daga −7 ma taku bakwai ne, shi ya sa |7| da |−7| duka suke ba da 7. In kuma abin da ke cikin sandunan ragi ne, kamar x − 12, to tazarar da ke tsakanin x da 12 ake nufi. Maganar ke nan duka. Abin da ke ɓata ta shi ne gajeruwar hanyar da ake yawan ji a aji: "In kun ga sanduna, ku jefar da alamar ragi kawai." Wannan doka tana aiki muddin lamba ce tsirara a ciki. Da zarar harafi ya shigo sai ta zama tarko, domin x ba ya zuwa da tambari a goshi. Yaro ya dubi |x − 12|, bai san ko abin da ke ciki riba ne ko bashi ba, sai ko dai ya share sandunan kamar ado ne, ko kuma ya mayar da alamar ragin da idonsa ya gani ta zama ta ƙari, ya rubuta x + 12. Na farko ya yi asarar rabin amsa, na biyu ya yi asarar duka. Haka nan idan littafi ya ce |x| daidai yake da −x a duk lokacin da x yake ƙasa da sifili, ɗalibin da aka raina da waccan doka sai ya ɗauka kuskuren ɗab'i ne, alhali in x shi ne −4, to −x shi ne 4. Kishiyar bashin sidi huɗu ai ribar sidi huɗu ce.

Kwatanta lambobin ƙasa da sifili da bashi ba dabarar lallashin yara ba ce, daga can abin ya faro. Brahmagupta, masanin lissafi na Indiya, da ya tsara ƙa'idojin waɗannan lambobi a shekarar 628, da dukiya da bashi ya kira su. Muhammadu ɗan Musa al-Khwarizmi, wanda ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820, ya cika kaso mai yawa na littafin da matsalolin gado da wasiyya, amma bai ƙirga amsar da ta faɗi ƙasa da sifili a matsayin amsa ba. Turai ma ta daɗe tana ɗari-ɗari da irin waɗannan lambobi, kuma sandunan da muke magana a kansu sai a 1841 Bajamushe Karl Weierstrass ya shigo da su. To in manyan masana sun shafe ƙarnuka suna kau da kai daga amsar hagu, ba abin mamaki ba ne ɗan shekara 16 ya manta da ita. Abin mamakin shi ne a bar shi ya ci gaba da mantawa, bayan a gidansu akwai littafin bashi.

A ɗauki tambaya irin wadda aka saba gani: |2x − 3| = 7. Mai tunanin tazara ba ya fara da x. Yana duban duk abin da ke cikin sandunan a matsayin ƙunshi ɗaya, ya ce wannan ƙunshi yana nesa da sifili da taku bakwai, saboda haka ko yana kan 7 ko yana kan −7. In 2x − 3 ya zama 7, to 2x ya zama 10, x ya zama 5. In ya zama −7, to 2x ya zama −4, x ya zama −2. Sai ya mayar da kowacce cikin tambayar ya gwada: 10 a cire 3 saura 7, −4 a cire 3 ya ba da −7, tazararsa 7. Duka sun zauna daram. A lura cewa ɗaya amsar 5 ce, ɗayar −2 ce. Ɗalibin da ya haddace cewa "amsa tana zuwa da ƙari da ragi" zai rubuta 5 da −5, kuma a tambayoyin canki-canka masu tsara jarrabawa kan ajiye irin wannan amsa a cikin zaɓi huɗun, domin sun san akwai mai zuwa ya ɗauka. Ba mugunta ba ce, aikinsu ke nan: su tantance wanda ya gane daga wanda ya haddace.

Tarko na gaba shi ne gaggawar raba hanya biyu tun sandunan ba su tsaya su kaɗai ba. A 3|x + 1| − 4 = 11, lambar 11 ba tazara ba ce, don an riɓanya tazarar sau uku an kuma zare huɗu kafin a kai gare ta. Mai awo a sikeli ya san sai ya cire nauyin kwano kafin ya faɗi nauyin gero. A mayar da 4 a samu 15, a raba uku a samu 5, sannan ne za a ce |x + 1| = 5, amsa ta fito 4 da −6. Wanda ya yi garaje ya daidaita tambayar da −11 tun farko zai ƙare da wata lamba mai ɓari, −10/3, wadda in ya gwada ta ba za ta zauna ba. Wannan tsiraita sanduna kuma shi ke tona asirin tambayoyin da ba su da amsa sam. |x − 4| + 9 = 2 tana komawa |x − 4| = −7, wato ana neman rumfar da tazararta da ta huɗu ta gaza sifili. Babu irin wannan rumfa a Race Course, babu ita a Kurmi ta Kano. Mai bin doka ido rufe zai raba hanya biyu ya fito da 11 da −3, ya ja musu layi biyu a ƙasa cikin alfahari. Mai ganin tazara kuwa ya gama tun a layi na biyu. In tazarar ta zama sifili cif, amsa ɗaya ce tak, domin wanda babu taku tsakaninsa da wuri, to yana wurin.

Inda abin ya fi wuya shi ne idan x ya bayyana a ɓangarori biyu, kamar |x − 2| = 2x + 5. A nan tazarar da ake nema ita kanta tana motsi tare da x. A raba hanya kamar kullum. Ta farko, x − 2 = 2x + 5, tana ba da −7. Ta biyu, x − 2 = −2x − 5, tana ba da −1. Babu kuskure a ko ɗaya daga cikin matakan, amma ɗaya daga cikin amsoshin jabu ce. A sa −7 a ɓangaren dama: sau biyu −14, a ƙara 5 ya zama −9, ga shi kuwa an ce wannan ɓangare tazara ne. A sa −1: hagu ya ba da 3, dama ya ba da 3. Amsa ɗaya ce, −1. Dalilin shigowar jabun shi ne lokacin da aka cire sandunan a hanya ta farko an yi zaton x − 2 bai gaza sifili ba, sai amsar da ta fito ta ƙaryata zaton da ya haife ta. Shi ya sa gwada amsa a irin wannan tambaya wani ɓangare ne na aikin kansa, kamar yadda mai karɓar kuɗi a rumfa ba ya sa takardar sidi ɗari biyu a lalita sai ya ɗaga ta ya duba.

Akwai malaman da za su ce wannan duk daɗin baki ne, jarrabawa kuwa da agogo ake yin ta. Suna da hujja. Takardar farko ta lissafin dole a WASSCE tambaya 50 ce cikin awa ɗaya da rabi, ƙasa da minti biyu ke nan ga kowacce. Sashen lissafi na SAT tambaya 44 ne cikin minti 70, kusan minti ɗaya da rabi. Wa ke da lokacin zana layi yana ƙirga taku? Sai dai in aka duba irin tambayoyin da kyau, agogon yana bayan mai ganin tazara ne. A ce an tambayi jimillar amsoshin |x − 12| = 5. Amsoshin biyu suna zaune ne hagu da dama da 12, tazara ɗaya, saboda haka jimillarsu ninkin 12 ne, 24, ko da an canza 5 ɗin ta zama 500. A ce an ba da |x − 1| = |x − 9|. Mai doka zai tsara hanyoyi huɗu ko ya riɓanya kowane ɓangare da kansa. Mai tazara zai ji ana tambayar wurin da nisansa da 1 ya yi daidai da nisansa da 9, ya ce tsakiya, 5, ya wuce. Haka idan aka juya tambayar aka ba da labari aka ce a rubuta shi da alamomi. Buhun koko a Ghana kilo 64 ne. A ƙaddara mai saye ya ce zai karɓi buhu in bambancinsa da 64 bai wuce rabin kilo ba. Tsakiya 64, rangwame rabi, sai a rubuta |w − 64| ≤ 0.5, wato daga 63.5 zuwa 64.5. Babu haddar da ke kai ɗalibi ga wannan, don tambayar ba ta ba shi sandunan da zai yi wa doka ba, shi ake so ya kawo su. Na yarda cewa wanda ya gane ma yana bukatar maimaici har hannunsa ya faɗa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a fara da maimaicin.

Wasu kuma za su ce na'ura ta riga ta raba gardama. Tun da SAT ta koma kan kwamfuta a 2023 ga masu zama a wajen Amurka, an saka mata na'urar zane ta Desmos a ciki, wadda ake iya amfani da ita a duk sashen lissafi. Ka rubuta ɓangaren hagu, ka rubuta na dama, ka ga zane mai kama da bakin almakashi a buɗe, ka duba inda layi ya ratsa shi. Gaskiya ne, kuma duk mai shirin wannan jarrabawa ya kamata ya koyi na'urar sosai. Tana ma nuna jabun amsa a fili, don layukan ba sa haɗuwa a wurin. Amma masu tsara tambaya sun san da na'urar, tunda su suka saka ta. Sukan tambayi abin da ya fi sauri da ka: in |x − 4| = k − 3 tana da amsa ɗaya tak, nawa ne k? Wanda ya san amsa ɗaya na nufin tazarar sifili zai ce 3 kafin ɗan'uwansa ya gama buga alamomin. A zauren WASSCE kuwa ba a shiga da na'urar da ake tsara wa aiki, kuma a takarda ta biyu mai duba aiki yana ba da maki a kan hanya, ba a kan amsar ƙarshe kaɗai ba.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi a ganina shi ne na wanda zai ce: yawancin yaran Zango lissafin dole kawai suke yi, wannan tambaya kuma ta fi zama a lissafin zaɓi da jarrabawar ƙetare, to me zai sa a ɓata musu lokaci? Ya yi gaskiya cewa da wuya a yi ta cin karo da ita da wannan siffa a takardar dole. Amma ma'anar tana nan ta sauya riga. Tana cikin ƙididdiga, inda ake neman matsakaicin nisan lambobi daga tsakiyarsu ba tare da kula da ko sun haura ko sun gaza ba. Tana cikin lissafin kuskuren awo. Sandunan kansu suna bayyana idan ana neman tsawon kibiya mai nuna alƙibla. Tana kuma cikin lissafin layukan taswirar duniya, kuma a nan Ghana misalin yana bakin ƙofa, domin layin Greenwich ta Tema ya ratsa. Kumasi tana yamma da shi da kimanin digiri 1.6, Kano tana gabas da kimanin 8.5. Ɗalibin da ya haddace cewa "bambanci" na nufin cire ƙarami daga babba zai samu 6.9. Wanda ya ga sifili a tsakaninsu, ɗaya a hagu ɗaya a dama, zai samu 10.1, kuma tunda kowane digiri minti huɗu ne na tafiyar rana, zai gane dalilin da ya sa rana take yin tsaka a Kano kusan minti 40 kafin ta yi a Kumasi. Kakanninsa fataken goro da suka yi ta zirga-zirga tsakanin Gwanja da ƙasar Hausa wannan tazara suka taka da ƙafa.

Saura batun harshe, wanda ba a cika son taɓawa ba. Yaron Zango yana jin Hausa a gida, Twi a kasuwa, Larabci a makarantar allo, sannan Turanci a aji. Hausa ba ta cikin harsuna 11 da gwamnatin Ghana ke ɗaukar nauyin koyar da su a makarantu, ko da yake ana jin ta a rediyo da masallaci da kowace tasha. Mai adawa zai ce da Turanci za a yi jarrabawa, bayani da Hausa jinkiri ne kawai. Amma |x − 12| = 5 ba Turanci ba ce, ba Jamusanci ba ce duk da Bajamushe ya ƙirƙiro alamar. Abin da ake bukata shi ne ma'anar ta zauna a kai da kowane harshe ta fi saurin zama, sannan a ɗora mata kalmomin jarrabawa. Hausa kuwa tana da kayan aikin a shirye: tazara, rata, tsakani, gaba da baya, riba da faɗuwa, ragi da ƙari. Mai ciniki ya san in an ce tsakanin tayinsa da kuɗin da aka yanka sidi 15 ne, kayan kuma na sidi 100 ne, to mai saye 85 ya taya, in kuwa mai sayarwa ne ke magana 115 ya nema. Kwatancen kasuwa yana da iyaka, ban musa ba: ba a samun rumfa ta biyu da rabi, ba a samun rumfa ta −6, kuma tambayar da x ke ɓangarori biyu sai an zauna an yi aljabara tsantsa. Shi ya sa rumfunan matakala ce kawai zuwa layin lambobi, inda ɓari da bashi duka suke da mazauni.

Malamin darasin yamma a Aboabo ko yayan da ke duba wa ƙanwarsa aikin gida a bayan rumfa ba sa bukatar sabon littafi domin gwada wannan. Alli ya isa. A ja layi a daɓe, a rubuta sifili a tsakiya, a tsayar da yarinya a kan 2, a ce ta matsa taku biyar ba tare da an faɗa mata ta ina ba. In ta juyo ta ce, "Yaya, gaba ko baya?" sai a ce ta gwada duka biyun, ta faɗi inda ta tsaya kowane karo. Za ta ce 7, za ta ce −3. Daga nan ne za a rubuta mata |x − 2| = 5 a allo.